Rariyar Gidan Mama Mai Manja

Gidaje huɗu ne a jere a lungunmu na Ɗan Iya, duk ginin ƙasa, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, unguwar kuma gangare ce. Don haka tun kafin a haife ni ruwan sama gida-gida yake bi. A gindin kowace katanga akwai rariya, rami ne da bai wuce bakin tulu ba. Ruwan gidan sama ya faɗa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, na uku ya miƙo mana, mu kuma mu sallame shi zuwa kwalbatin bakin titi. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda. Amma da hadarin farko na shekara ya taso, matan gidajen za su fito da gora da tsintsiya, wannan ta tsuguna ta nan, waccan ta tsuguna ta can, suna zura gora suna hira ta cikin ramin. Kakata takan ce ko gaba kike da maƙwabciya, ki hana ta gishiri, ki hana ta wuta, amma ba a hana mutum hanyar ruwa.

Na san wannan. Da shi nake so in fara, don kada wani ya ce yarinta ce ko rashin sani. Shekarata goma sha tara, na gama sakandare, kuma tun da Inna ta fara ciwon baya ni nake zura gorar gidanmu.

A gida na uku, wanda ke manne da namu, Mama mai manja take. 'Yar kudu ce, Kirista, ta fi shekara talatin tana haya a nan. A nan mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka girma suka watse wasu garuruwa, ita ta ce ba inda za ta. Zauren ta mayar shago: manja a kwalabe, garin kwaki, agushi, busasshen kifi. A tsakar gida kuma tana jiƙa rogo a manyan robobi tana yin tuwonsu na kudu, matan barikin soja da ma'aikata su aiko a saya. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa “kai” ne a wurinta, mace ko namiji. Ni kuwa tun ranar da ta fara ganina da kayan makaranta ta raɗa min suna.

“'Yar boko, zo ka karanta min takardan maganin nan, ido na ya tafi hutu.”

In na karanta sai ta danƙa min kan kifi ta ce in ɓoye kada Inna ta gani, alhali Innar tana jin mu ta kan katanga tana dariya.

Shekara biyu da suka wuce aka sayar da gidajen sama guda biyu. Aka rushe su aka tayar da bene mai shaguna: kemis, mai cire kuɗi, mai gyaran waya, wata mai kitso da fitilu ja da kore. Suka ɗaga ƙasa suka malale ko'ina da siminti. Ƙasar da take shanye rabin ruwa a da ta daina sha, sai duk ruwan benen ya koma bi ta bututu ɗaya yana kwarara tsakar gidan Mama. Ta yi magana, aka ce za a duba.

Ita ma gidan da take ciki ido yana kansa. Mai gidan ya rasu, 'ya'yansa suna son sayarwa, amma mahaifiyarsu, wata dattijuwar Hajiya, ta ce a'a. Ta ce marigayi ya bar mata amana, matar nan ba ta taɓa ɓata masa ba, a bar ta har ranar da ta ce ta gaji. Duk lungun an san maganar tsohuwar nan ce kaɗai ta riƙe wa Mama ɗakinta, an kuma san 'ya'yan dalili kawai suke jira.

Namu gidan ma an sa shi a kasuwa, baffannina suna son a raba gado. Dillali ya riƙa kawo mutane suna ƙwanƙwasa bango suna leƙa ɗakunanmu kamar ba kowa a ciki. Wata Juma'a ya kawo wani, daidai lokacin Mama ta zubar da ruwan rogo yana gangarowa ta tsakar gidanmu. Wanda ya san warin jiƙaƙƙen rogo ya san abin da nake nufi. Mu mun saba, ba ma ji. Mutumin ya zaro hankici ya toshe hanci, bai ko shiga ɗakin Baba ba ya juya. Na ga kunya a fuskar Inna, har gyale ta ja ta rufe baki.

Dillalin ya ce wa Baba, “Malam, gida lafiya lau, amma wannan wari ai korar ciniki ne. Gobe babban mutum zan kawo, a yi wani abu.”

Ba wanda ya ce in toshe rariya. Baba bai ce ba, Inna ba ta ce ba. Da safiyar Asabar na ɗauko tsohon buhun siminti na cusa a ramin, na danna dutse, na kwaɓa ƙasa na shafe, na jawo turmi na kife a gaban wurin. Na wanke tsakar gida da sabulu, na sa turaren wuta. An kwana goma ba a yi ruwa ba, sama fes. A raina na ce da mutumin ya tafi zan buɗe. Inna ta fito ta ce, “Kai, yau gidan kamar ba namu ba, Allah ya yi miki albarka.” Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi.

Babban mutumin ya zo, ya zagaya, ya ce ran Litinin zai dawo da injiniyansa. Sai na ce to, in na buɗe yau sai na sake wahala jibi. A bar shi.

Da yamma ina wanke-wanke na ji muryar Mama ta kan katanga.

“'Yar boko! Kana nan?”

“Ina nan, Mama.”

“Ruwa ya tsaya a waje na, ba ya tafiya. Na sa sanda, kaman akwai abu. Duba min gefen ku.”

“To Mama, zan duba.”

“Ka duba fa. Kar ka zauna kana danna waya, mijin ba ya cikin waya.”

Na yi dariya, ita ma ta yi. Na ci gaba da wanke-wankena.

Ran Lahadi su Baba da Inna suka tafi Zungur ta'aziyya, aka bar ni tsaron gida. Bayan la'asar gari ya yi duhu lokaci guda. Na kwashe shanya, na shige ɗaki, na sa abin ji a kunne ina kallon fim a waya. Ina jin ruwa yana dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa, amma ko kaɗan rariya ba ta faɗo min a rai ba. Sai da na taso zan tara bokiti a bakin indararo na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallon tsakar gida. Wani abu ba daidai ba. In ana ruwa irin wannan, jan ruwa ne yake ratsa gidanmu kamar rafi, har takalma yake kwasa. Ranar kuwa ruwan kwanonmu ne kaɗai, fari tas, ɗan kaɗan. Turmin yana nan a kife.

Ban kai ga ɗaga ƙafa ba na ji ƙarar. Ba irin ta tsawa ba ce. Wani nishi ne mai nauyi, kamar an sauke lodin yashi, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashina. Daga nan sai muryar Mama, tana kiran Yesu, tana kiran wani abu da yarensu.

Abin da na yi bayan wannan shi ne ban taɓa faɗa wa kowa dalla-dalla ba. Ban fita neman mutane ba. Turmin na ruga na ture. Na kankare ƙasar da farce, na ciro dutsen, na ja buhun. Ruwan da ya fito sai da ya kayar da ni, ja, da ɓawon rogo da ledoji da takalmin Mama ƙafa ɗaya. Na tashi da buhun a hannu, na shiga bayi, na cusa shi a ramin masai, na tura da sanda har ya ɓace. Na wanke hannuna. Duk wannan ina jin ta tana kira. Minti nawa ne? Ban sani ba. Wani lokaci in ce uku, wani lokaci in ce ya fi. Sai bayan nan na zari hijabi na fita titi ina ihu.

Masu shagunan bene suka fito cikin ruwa, da masu keken haya biyu da suka fake a baranda. Ruwan tsakar gidanta ya kai gwiwa kafin ya fara janyewa. Ashe da ta dawo daga coci ta ga ruwa yana shiga ɗakin baya, sai ta shiga ɗaga buhunan gari kan gado. Gindin bangon ya sha ruwa ya zauna, azara ta sauko, ta danne mata ƙafa. Da hannu aka riƙa yaye ƙasa. Da aka ciro ta fuskarta duk laka, ta gan ni a tsaye ina kuka, ta ce, “Kar ka yi kuka, 'yar boko. Kai ne ka kira mutane? Allah ya biya ka.”

Mai kemis ya dafa keken da aka sa ta za a kai ta asibiti ya ce, “Ba don yarinyar nan ba ai da sai dai wani labarin.” Har su Inna suka dawo ana faɗa musu haka.

Ƙafar ta karye a wuri biyu. Da aka sallamo ta daga asibiti sai ta koma kwana a zaure, tsakanin kwalaben manja, matan cocinsu suna kawo mata abinci, Inna tana aika ni da kunu. Ina ajiyewa nake gudowa. Ta ɗauka tausayi ne ya sa ba na iya kallon ƙafar.

Ran Laraba ta mako na biyu aka zauna a zauren mai unguwa. Maganar ɗaya ce: me ya kayar da ɗakin. In ruwan bene ne, magada su gyara, su je su ji da mai benen, Mama ta ci gaba da zamanta. In kuwa sakacinta ne, Hajiya ta ce ita kam ta sauke amana, ba za ta ƙara tare wa kowa faɗa da 'ya'yanta ba. Aka kawo Mama a keke, aka zaunar da ita kan kujerar roba, ƙafar a miƙe cikin farin filasta. Ni ina daga waje wurin mata.

Babban ɗan Hajiya ya ce, “Shekara biyu benen nan yana zubo ruwa, ɗaki bai faɗi ba. Me ya sa sai yanzu? Rariya ce ta toshe. Wa yake zuba ɓawon rogo a rariya safe da yamma?”

Mama ta ce, “Alhaji ƙarami, ni na goya ka a bayan nan lokacin da maman ka ya zo karɓan haya. Shekara talatin ina jiƙa rogo, rariya bai taɓa toshe ba. Ran Asabar na ga ruwa ya tsaya, na sa sanda, abu mai ƙarfi ne, ba ɓawo ba. Na ce ma yarinyan Malam ya duba gefen su. A tambaye shi.”

Aka kira ni. Na shiga na durƙusa. Baba yana zaune kusa da mai unguwa, yana kallona hankali kwance, irin kallon wanda ya san 'yarsa.

Mai unguwa ya ce, “'Yata, ta ce ki duba?”

“Ta ce.”

“Kin duba?”

“Na duba.”

“Me kika gani a gefenku?”

Na san amsar da za ta bar Mama a ɗakinta. Kalma biyar ce ko shida. Amma na hango zauren nan cike da maza, na hango Baba yana sunkuyar da kai a gaban mutanen da suke bin sa salla in liman ba ya nan, na tuna an yi kwana goma ana sa min albarka a titi. Na kuma tuna masai. In na faɗi buhu, sai an tambaye ni ina yake.

Na ce, “Ban ga komai ba.”

Ɗan Hajiya ya buɗe hannuwa. “To kun ji. Daga gefenta ne.”

Wata daga matan coci ta ce a sake tambayata da kyau, yara suna mantuwa. Mama ce ta ɗaga mata hannu.

“A'a. Bar shi. Yarinyan nan ba ya ƙarya, a hannu na ya girma. In ya ce babu, babu.” Ta kalli ƙafarta. “To wataƙila ɓawon ne. Wataƙila na tsufa ban gani ba.”

Hajiya ta share hawaye da bakin mayafi ta ce Allah ya gani ta yi iya yinta. Aka ba Mama mako biyu. Aka shafa fatiha.

Kafin sati ya zagayo dillali ya shigo gidanmu baki har kunne. Ashe babban mutumin nan injiniyansa ya ce masa filinmu shi kaɗai ya yi kaɗan, shi ya sa ya yi shiru. Yanzu da na Mama ya samu, ya haɗa biyun ya saya. Baffannina suka zo aka yi ta barka. Inna ta ce, “Ikon Allah, wani hanin ga Allah baiwa ne,” sai kuma ta tuna, ta kalli katanga ta yi ƙasa da murya. Ni kuwa abinci ya daina shiga. Aka ce firgita ce, aka karɓo min rubutu na sha. Ina salla in kai sujada in kasa roƙon komai, don na san wadda ya kamata in fara roƙa tana bayan bango tana ɗaure kaya a buhu.

Ranar tashinta Asabar ce da hantsi. Mutanen cocinsu suka kawo a-kori-kura. Wata ƙawarta mai tebur a kasuwar bakin barikin Shadawanka ta ce ta zo su raba ɗaki, ta ɗan ajiye manjanta a gefen teburin. Robobin rogo ba wurin su a can, ta rabar. Inna ta samu biyu. Mata suka cika lungun ana ta “Allah ya sa mu gana”, mai kitso har da kuka.

An ɗora ta a gaban mota, ƙafar a miƙe, ƙofa a buɗe ana jiran a gama ɗaure katifa. Ta yafito ni.

“Zo nan. Tun ranan nan kana gudu na. Ni ban mutu ba, ƙafa ne kawai.”

Na zo na tsuguna a bakin ƙofar. Ban shirya ba. Da na shirya da ban faɗa ba.

“Mama, ni ce.”

“Kai ne me?”

“Ni na toshe rariyar. Da buhu da dutse. Saboda masu sayen gida, saboda warin. Da kika ce in duba ina sane.”

Ta dube ni. Na ɗauka za ta yi ihu ta tara min jama'a, har na fi son hakan. Ba ta yi ba. Ta juya ta kalli gidan. Leburori biyu suna kan zauren tun ba ta bar lungun ba, sun fara ɓalle kwano suna jefowa ƙasa.

“Maman ka ya sani?”

“A'a.”

“Malam?”

“Ba wanda ya sani.”

“Buhu,” ta ce, kamar tana auna nauyin kalmar. “Na faɗa musu abu mai ƙarfi ne. Sati biyu ina kwana ina cewa ni na kashe ɗaki na da hannu na. Ina cewa kai tsohuwa, ka zama wawa.”

“Ki yafe min, Mama. Zan je wurin mai unguwa yanzu, zan faɗa a gaban kowa, zan je wurin Hajiya...”

“Ka je ka ce me? Su mayar da kwano?”

Direba ya zagayo yana kaɗa makulli yana cewa a matsa.

“Toshewa, wannan yaro ne, kowa yana kuskure,” ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. “Amma ran Laraba fa? Na ce a tambaye ka. Da baki na na ce a tambaye ka. Me ya sa ba ka faɗa ran Laraba ba?”

Ban faɗa mata maganar masai ba. Ko a lokacin, ina tsugune a gabanta ina kuka, na rage wani abu na riƙe.

Inna ta ƙaraso da ƙullin yaji da kuka a leda ta ɗora mata a cinya, tana cewa, “Kin ga 'yarki, tun jiya take wannan kukan, sai ka ce ita za a raba da gida.” Mama ta karɓa ta yi godiya, ta riƙe hannun Inna ta ce ta kula da bayanta, ta daina ɗaukar ruwa. Ba ta ce mata komai a kan rariyar ba. Ni ma ba ta ƙara ce min komai ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce wa direban, “Rufe ƙofa a hankali, ɗana, ƙafan yana ciwo.”

Ya rufe a hankali. Motar ta bi gangaren ta fita titi, mata suka watse, Inna ta ce in tashi in je in ɗora sanwa.